Hannu Ya Kai Kunne

"Ina shaidarka ta biyu?"

Mai shari'a bai ko ɗaga kai daga takardun ba. Agali ya waiga ƙofa, sai ka ce waigen ne zai jawo tsohon malaminsa na boko, Mushe Sa'adu, daga inda ya maƙale. Babu kowa a bakin ƙofar sai ɗan sanda mai gadi, yana fifita da hularsa.

"Yana bisa hanya, ranka shi daɗe."

"Tun ƙarfe tara yake bisa hanya. Daga Agadas ya taso?" Mai shari'a ya ajiye alƙalami, ya dubi Agali tun daga takalmi har sama. Duban ya ɗauki lokaci, don mita biyu da santimita huɗu ba a gama kallonsu da ƙiftawa ɗaya. "Samari, bari in gaya maka. Ba a wata biyu wani ɗan ƙwallo bai tsaya inda kake tsaye ba, yana so in rage masa shekaru. Wani da gemunsa, wani matarsa na waje da goyo. Kai har uku kake so in cire. Takardar haihuwarka ta ce 2004, kai ka ce 2007. Na ga hoton ƙashin hannunka da likita ya ɗauka a Maraɗi, na kuma ji mahaifiyarka. Amma wanda ya rubuta 2004 da hannunsa nake son ji. Ƙarfe uku zan sake zama. In bai zo ba, sai bayan wata guda."

Bayan wata guda! Shi da ko gobe ba shi da ita.

Yana fitowa tsakar gidan kotun salularsa ta yi ƙara. Koc Abdulmumini ne, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwandon da Agali ke yi wa wasa a Yamai shekara biyu ke nan. Agali ya matsa ƙarƙashin itacen bedi, nesa da bencin da mahaifiyarsa ta zauna, sannan ya ɗauka.

"Yaya?"

"An ɗaga, Koc. Sai ƙarhe uku."

"Agali, ƙarfe biyar suke rufe sunaye. Biyar ta yau. Na kira su na roƙa, sun ce akwai yara uku a bayanka suna jiran gurbin. In takardar ba ta shigo salulata ba kafin biyar, ka dawo mu ci gaba da abin da muka saba."

Abin da suka saba shi ne fili mai tsagaggen siminti, ƙwallo biyu ga mutum goma sha huɗu, da gwiwa mai ciwo kafin mutum ya kai talatin. Wata biyu da suka wuce wani Bature mai neman 'yan wasa ya kalli Agali a gasa, ya sa aka buɗe masa hannuwa aka auna, ya sake aunawa da kansa don bai yarda ba. Ya ce makarantarsu ta ƙwallon kwando a Sipaniya tana ɗaukar yaro ta riƙe shi shekara uku, amma sai wanda bai cika sha takwas ba. Da ya ga takardar Agali ta ce ashirin sai ya ɗaga kafaɗa. Koc ne ya tare shi. Shi ya san yaron ya sake takalmi sau uku a shekara biyu, ya ƙara santimita biyar tsakanin damina da damina. Kullum yakan ce, "Ɗan ashirin da bai iya jifa da hagu ba, ya gama, haka zai tsufa. Ɗan sha bakwai da bai iya ba, yanzu aka fara shi." Agali bai iya jifa da hagu ba, saboda haka duk rayuwarsa ta rataya ga waɗannan shekaru uku.

Ya koma wajen mahaifiyarsa. Mata, haka sunanta yake, tana zaune a miƙe, baƙin mayafinta a ka, takalmanta a ajiye gefe ɗaya. Tun asuba ta taso daga zangonsu da ke gab da Mai Yara, a bayan motar 'yan kasuwa. Ba ta san zancen Sipaniya ba. Agali ya ce mata za a gyara masa shekaru ne kawai, ita kuwa ta zo da gudu, don shekara goma sha uku tana faɗin wannan magana ba wanda ya saurare ta. Ya yi niyyar gaya mata sauran bayan komai ya kammala, in ya samu ta waya. A waya ya fi iya magana da ita.

"Mushen bai zo ba?" ta ce.

"Bai zo ba, Anna."

Ta zura takalmanta. "Mu tahi mu same shi."

Rana ta take tsaka. Suka bi gefen titi, ita a gaba shi a baya, 'yan kabu-kabu suna rage gudu suna kallonsa. Wani ya ɗaga murya, "Dogo, yaya iskar can bisa?" Ran da yake cikin nishaɗi yakan ba da amsa. Yau ko jin sa bai yi ba.

Mushe Sa'adu, tsohon daraktan lakwal, wato makarantar bokon ƙauyensu, tun da ya ajiye aiki ya kafa tebur a bakin kasuwar Dakoro. Yana sayar da kaye, wato littattafan rubutu, da alli da alƙalamin bik, yana kuma rubuta wa mutane takardar koke da faransancin da ya tsufa tare da shi. Mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi aka tambaya. Ya hango su tun daga nesa, Agali ai ba a rasa hango shi, sai ya duƙufa yana jera kayen da tun safe a jere suke.

Agali ya durƙusa ya gaishe shi. Ko a durƙushe kansa ya wuce teburin.

"Mushe, jiya kun ce mani za ku zo."

"Na ce in Allah ya so."

"Juji ya ce sai ku. Ƙarhe uku."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ɗana, na kwana ina tunani. Shekara talatin da ɗaya ina aikin gwamnati, ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ni ba. Yanzu da hurhurata in tsaya gaban juji in ce na rubuta ƙarya cikin littahin gwamnati? Ni ban yi ƙarya ba. Yadda kowa ke yi haka niy yi. Ƙauyen da babu mai takardar haihuwa, da mi kake so a auna yaro? A ɗora hannu bisa kai, in ya taɓa kunnen wancan gehe, ya kai bakwai. Haka anka auna ni, haka anka auna ubana. Kai ka taɓa. Ni na ce ka taɓa?"

"Mushe, hannuna ne ke da tsawo."

"To ka kai ƙarar hannunka."

Agali ya duba salula, sha biyu da rabi ta wuce. Ya roƙa da Allah, ya roƙa da Annabi, ya ce gurbi ɗaya ne kuma ba ya dawowa. Nan ya tuna mahaifiyarsa na tsaye a bayansa, sai ya haɗiye sauran. Mushe Sa'adu dai kai kawai yake girgizawa. Har wata mata ta zo sayen alli, ya tsaya yi mata ciniki a tsanake kamar ba kowa a gabansa.

Da matar ta tafi, Mata ta jawo wani kwali ta shimfiɗa a ƙasa, ta zauna daidai gaban teburin, inda duk mai son saye sai ya tsallake ta.

"Mushe, ina wuni."

"Lahiya lau, Mata. Ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lahiya. Ni ba roƙonka niz zo yi ba. Tambaya gare ni. Ranar da kunka jera ɗiyanmu gaban gidan mai gari, mi nic ce maka?"

"An daɗe, Mata."

"Na ce maka damina biyu ke nan da yaye shi. Kac ce mani kunne ba ya ƙarya. Babanshi, Allah shi jiƙan shi, yana daji da raƙuma, ba ni da mai tsaya mani. Kunka tahi da shi yana kuka." Ba ta ɗaga murya ba, amma mai shayin da ke gefe ya rage ƙarar rediyonsa. "To wa ke kawo mani shi da azahar bisa kahwaɗa, yana barci, wandonshi jiƙe? Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wa ke ce mani in riƙa ɗaura mashi ɗan hura cikin gora, don ba ya iya kai tashi da yunwa? Ɗan shekara bakwai ake yi ma haka, Mushe?"

Mushe Sa'adu ya ɗauki wani kaye ya juya shi, ya ajiye.

"Ka sani," in ji ta. "Tun ranar ka sani."

Can tsohon ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yara ashirin da tara gare ni. Insifekta ya ce in ba su kai talatin ba za a ruhe lakwal, a maida mu wani gari. Na duba layi, na ga wannan ya hi kowa tsawo." Ya dubi Agali, wannan karon ido cikin ido. "Da ban ɗauke ka ba, da babu ɗayanku da ya san A."

"Na gode, Mushe," in ji Agali. Da gaske yake, kuma a lokaci guda ji yake kamar ya kifar da teburin.

"Ka hwaɗi hakanan gaban juji," in ji Mata. "Ni nan zan zamna har ka tashi."

Tsohon ya ce sai ya yi azahar. Ya yi. Ya ce ba ya zuwa gaban hukuma da rigar kasuwa, sai ya je gida ya sake. Agali ya bi shi har ƙofar gida ya tsaya a rana, yana duba salula, zufa na bin bayansa, yana jin tsohon a ciki yana faɗa da iyali a kan hular da aka ɓatar masa. Sau biyu Koc ya kira, bai ɗauka ba. Uku saura minti biyar suka shiga kotu, Mushe Sa'adu cikin farar shadda mai karin guga, da wani tsohon littafi mai baƙin bango a hammata.

Mai shari'a bai zauna ba sai uku da kwata. Ya sa tsohon ya rantse, sannan ya ce ya faɗi abin da ya sani.

Abin mamaki, da Mushe Sa'adu ya samu masu sauraro sai daraktan da ke cikinsa ya farka. Ya buɗe littafin, rajistar ɗaukar ɗalibai ta shekarar 2011, ya nuna layi na talatin, na ƙarshe, da sunan Agali Mohamed. Ya bayyana yadda ake auna yaro da kunne, ya kawo tarihin abin tun daga nasa daraktan. Agali yana kallon agogon bango, yana ji kamar ya toshe masa baki. Uku da rabi.

"Mushe," in ji mai shari'a, "tambaya ɗaya ce. Ranar da ka rubuta shekara bakwai, ka yarda bakwai ɗin gare shi?"

Tsohon ya gyara hula. Ya dubi Mata, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

"A'a, ranka shi daɗe. Bai hi huɗu ba. Ajin hwarko sau biyu ya maimaita shi, ba don daƙiƙanci ba, don ƙuruciya. Sai da ya kai aji uku sannan ya hwara hwamhwara, sa'anninshi na takarda sun daɗe da sake haƙora. Da lokacin jarrabawa ya zo anka nemi takardun haihuwa, ni na cika mashi tashi daga wannan littahi. Laihina ne."

"Kuma ɗan shekara huɗu ya taɓa kunne?"

"Agali, nuna mashi," in ji Mushe Sa'adu, da muryar aji.

Agali ya ɗora hannun dama bisa kai. Hannun ya gangara ya wuce kunnen hagu, ya wuce muƙamuƙi, yatsun suka zagayo ƙarƙashin haɓa. Ɗan sandan bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Mai shari'a bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hoton ƙashin, ya koma kan rajistar, ya kai yatsa kan layi na talatin.

"Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki," ya ce, "yau na fara ganin wanda aka ƙara wa." Ya ɗauki alƙalami.

Sai dai hukunci a bakin mai shari'a daban, hukunci a takarda mai hatimi daban. Malam Issa magatakarda da yatsa biyu yake buga na'ura, kuma ba ya son a tsaya masa a ka. Agali ya tsaya masa a ka. Huɗu ta yi, ta wuce da goma, ta wuce da kwata. Malam Issa ya kai takardar ofishin mai shari'a, ya dawo, ya hura hatimi, ya buga. Huɗu da minti ashirin da biyu Agali ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya ɗauki hotonta. Ya tura. Ya tsaya yana kallon salula har alamar ta nuna saƙo ya isa.

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya juya zai rungumi Mushe Sa'adu, tsohon ya kauce, ya ce shi teburinsa ya bari a hannun mai shayi. Ya gaisa da Mata a gajarce ya fita, littafinsa a hammata, tafiyarsa ta ɗan rage ƙarfi.

Salula ta yi ƙara.

"Na gani, na tura musu," in ji Koc, muryarsa na haki. "Amma tsaya, ba a gama ba. Sun ce tunda yanzu kai yaro ne, sa hannunka ba ya aiki. Akwai takardar izinin iyaye. Na turo maka ita. Ka buga, mahaifiyarka ta dangwala, ka ɗauko hoto haɗe da katinta. Tana nan kusa, ko?"

Agali ya dubi bencin. Tana nan, tana ninke sabuwar takardar haihuwar cikin leda a hankali.

"Tana nan."

"Alhamdu lillahi. To ai da sauƙi. Minti talatin gare ka."

Da sauƙi. Shekara biyu da suka wuce, ran da ƙungiyar Yamai ta neme shi, shi ya sa wa kansa hannu, don takarda ta ce ya cika sha takwas. Bai tambayi kowa ba. Sai da mota ta wuce Birnin Ƙonni sannan ya kira salular maƙwabcinsu ya ce a gaya wa Anna ya samu aiki. Ta aika kawunsa wajen hukuma a dawo mata da ɗanta, aka duba takarda aka ce ai babba ne, ba mai tsare shi. Tun daga ranar ba ta sake ta da zancen ba, shi ma bai tayar ba.

Akwai shagon fotokopi a tsallaken titi. Wata budurwa mai suna Sharifa ke tsaronsa, kowa a kotun ya san ta. Ta karɓi saƙon a salularta, na'ura ta yi gurnani ta tofo takarda shafi ɗaya da faransanci. Agali ya roƙi tawadar dangwale, ta miƙo masa. Agogon shagon ya nuna biyar saura minti ashirin da biyar.

"Anna, ki kawo katinki. Ki dangwala nan."

"Ba an gama ba?"

"Ciko ne. Cikon takardar."

Ya faɗe shi yana kallon bango. Mata ta ciro katinta daga ƙullin zane ta ajiye a kan tebur. Ta ɗaga babban yatsa, har ta kai shi kusa da tawadar, sai ta tsaya. Ta dubi takardar. Babu hatimin kotu a jikinta, akwai dai hoton ƙwallo a sama da wata tuta da ba ta sani ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta, can sama, shi kuwa har yanzu bangon yake kallo.

"Ɗiyata," ta ce da Sharifa, "karanta mani. Da Hausa."

Sharifa ta saci kallon Agali. Ta ɗauki takardar, ta bi ta da yatsa, tana fassarawa a hankali: ni, mahaifiyar yaro mai suna kaza, na yarda a tafi da ɗana ƙasar Sipaniya, ya zauna hannun makaranta har shekara uku, su za su kula da cinsa da karatunsa da lafiyarsa.

"Ina ne Sipaniya?"

"Ƙasar Turawa ce, Inna. Bayan teku."

"Shekara uku."

"Haka anka rubuta."

Mata ta sauke hannunta. Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta gyara mayafi. Fankar shagon na juyawa tana ƙara. Agali ya ji kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

"Anna, wallahi na so in gaya maki. Lokaci ne babu. Ƙarhe biyar za su ruhe. In na tahi can, Anna, za a koya mani abin da nan babu mai koya mani. Koc ya ce in na samu shekara ukun nan babu inda ba zan kai ba. In ban tahi yanzu ba, baɗi na wuce, ba su ɗauka ta."

Ba ta dube shi ba. Da Sharifa take magana. "In ban dangwala ba hwa?"

"To ba ya tahiya, Inna. Sai da yardarki, har ya cika sha takwas."

"Damina mai zuwa ke nan. Ran da anka yi shukar hwari nih haihe shi." Ta yi lissafi a ranta. "Kenan yau, in na ce ya bi ni Mai Yara, hukuma ba ta ce mani babba ne?"

"Ba ta cewa."

Mata ta gyaɗa kai. Wani abu ya gilma a fuskarta, ba murmushi ba ne, amma ya yi kusa. Salular Agali ta hau ƙara. Koc. Ya kashe. Biyar saura kwata.

"Yana da huɗu anka ɗauke mani shi," ta ce, har yanzu da Sharifa. "Yana da sha biyar ya ɗauke kanshi. Duka biyun ba wanda ya tambaye ni. Yau na taso tun asuba, na zamna ƙasa cikin kasuwa kamar mai bara, na amso mashi shekarunshi. Ashe na amso su ne a ba Turawa."

"Anna..."

"Kuma da yatsana za a yi, ban sani ba. Ciko."

Kalmar ta fi mari zafi. Sharifa ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Wani mutum ya leƙo da takarda a hannu, ya ga yanayin shagon, ya koma.

Agali ya iya magana da mai shari'a, ya iya da Koc, har da Baturen ya yi 'yar hira da guntun faransancinsa, amma ban da ita. Ya duba agogo, saura minti goma sha ɗaya. Ya ji hawaye na taruwa, haushin kansa ya kama shi.

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Wuyana ya gaji da kallon bisa," ta ce. "Sauko."

Ya durƙusa a kan simintin shagon, gwiwoyinsa suka bugi ƙafar tebur. Yanzu fuskarsa na daidai da tata. Ya daɗe bai gan ta kusa haka ba. Ta rame, kuma akwai furfura a gaban goshinta da bai san da ita ba.

"Tambaye ni."

"Anna, lokaci..."

"Na ga agogon. Tambaye ni."

"Anna, ina son in tahi. Ki bar ni in tahi?"

"In na ce a'a?"

Fanka na juyawa. Salula ta sake ɗaukar ƙara a aljihunsa, ya bar ta ta yi ta gaji. Ya san amsar da za ta sa ta dangwala da sauri, ya kuma san za ta gane in ta baki ce. Ya dubi takardar, ya dubi tawadar.

"In kin ce a'a," ya ce, muryarsa ta dushe, "in bi ki gida."

Ta daɗe tana kallon cikin idonsa. Saura minti bakwai. Saura shida.

Ta miƙa hannu, ta danna yatsa cikin tawada, ta ce da Sharifa, "Ina wurin?" Sharifa ta nuna. Ta dangwala, ta danna da ƙarfi har takardar ta motsa.

Agali ya zabura ya ɗauki hoto, ya haɗa da katin, ya tura. Rezo ya tsaya, saƙon ya ƙi tafiya. Ya fita bakin titi da gudu, ya ɗaga salular sama iyakar tsawon hannunsa, yana juyi, yana addu'a a bayyane. Biyar saura minti biyu saƙon ya wuce. Nan take Koc ya kira yana ihu, yana kabbara, yana lissafa abin da za a fara: fasfo, allurai, sababbin takalma, da hannun hagun nan da za a gyara tun daga gobe.

Da Agali ya koma shagon kujerar robar ba kowa. Katin ma babu.

"Ta tahi tasha," in ji Sharifa. "Ta ce motar Mai Yara ba ta jiran mutum."

Ya leƙa titi. Can ya hango baƙin mayafin yana tafiya a gefen hanya, ba sauri ba nawa, tana goge yatsanta da bakin zane. Koc na ta magana a kunnensa, yana cewa ya kamo motar Yamai ta yau in akwai.

"Koc," ya ce, "sai jibi."

Ya kashe salular, ya bi bayanta.